Neman aiki a babban kamfanin fasaha: abin da miƙa sunana ya yi mini da inda ƙarfinsa ya tsaya

Na shafe shekaru ina aikin rubuta manhaja a wani matsakaicin kamfani kafin na yanke shawarar gwada sa'ata a manyan kamfanonin fasaha, irin waɗanda ma'aikatansu suka kai dubun dubata kuma suke da ofisoshi a ƙasashe da dama. Na fara neman ne a daidai lokacin da guraben aiki suka yi ƙaranci matuƙa, domin a watan Nuwamban 2022 kamfanin Meta ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 11,000, sannan a watan Janairun 2023 Google ya sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000. Saboda haka duk gurbin da aka tallata, ƙwararrun da suka fito daga cikin waɗannan kamfanoni su ma suna kan layi, kuma sunan wurin da suka baro kaɗai ya isa ya ja hankalin mai tantance takardu.

Da farko hanyar da kowa ya sani na bi. Nakan shiga shafin guraben aiki na kamfani, in zaɓi wanda ya dace da ni, in ɗora CV, in amsa tambayoyin da aka jera, in aika. Cikin 'yan mintuna saƙon imel zai shigo yana godiya tare da alkawarin cewa za a tuntuɓe ni idan an ga na dace, daga nan sai shiru, ko kuwa bayan makonni wani saƙon ya zo cewa sun ci gaba da wasu. Ban ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci ba, domin yawan masu nema ya wuce abin da mutum zai iya karantawa. Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen kula da ma'aikata na Google daga 2006 zuwa 2016, ya bayyana cewa kamfanin yana karɓar takardun neman aiki sama da miliyan biyu a shekara, alhali waɗanda yake ɗauka ba su wuce 'yan dubbai ba. Takardun suna taruwa ne a cikin wata manhaja ta tattara bayanan masu nema, irin su Workday da Greenhouse da Lever, ko wadda kamfanin ya ƙera wa kansa, kuma jami'in ɗaukar ma'aikata yakan buɗe iya adadin da zai ishe shi ya cike jerin waɗanda za a kira, ya bar sauran.

Duk wanda na yi wa maganar sai ya ba ni shawara iri ɗaya, wato in nemi wani ma'aikacin cikin kamfanin ya miƙa sunana. Kusan kowane babban kamfanin fasaha yana da wannan tsari a hukumance: ma'aikaci zai shiga wani shafi na cikin gida ya gabatar da wanda yake ganin ya cancanci wani gurbi, kuma idan aka ɗauki mutumin, a biya wanda ya kawo shi tukuici. Babu ɓoye-ɓoye a ciki, har ma kamfanonin ne suke roƙon ma'aikatansu su riƙa yi. Duk da haka abin ya yi mini nauyi a zuciya, domin a ganina neman aiki ta hannun wanda ka sani tsallake layi ne, kuma ban so a ce wani ya fi ni cancanta amma na sha gabansa saboda sanayya. Wannan damuwar ba ta rabu da ni gaba ɗaya ba har yau.

Wanda ya fara miƙa sunana ban taɓa ganinsa ba. A LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, na same shi, kuma yana cikin mutanen da suke rubutawa a shafinsu cewa a shirye suke su taimaka wa masu neman aiki. Irin wannan ya zama ruwan dare, musamman a manhajar Blind, inda ma'aikatan kamfanonin fasaha suke tattaunawa ba tare da bayyana sunayensu ba, kuma kullum akwai masu roƙon a miƙa su da masu amsawa. Ya nemi CV ɗina da lambar gurbin, washegari kuma saƙo ya shigo daga kamfaninsu cewa wani ma'aikaci ya gabatar da ni, tare da adireshin da zan bi in kammala cike bayanaina. Na yi murna ƙwarai, amma sakamakon bai bambanta da na baya ba sai a abu ɗaya, shi ne cewa amsar ƙin amincewar ta zo da wuri. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, ya yi iya abin da wanda bai san ni ba zai iya yi.

Daga nan na zauna na bi sunayen mutanen da na taɓa aiki da su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda muka daɗe ba mu ji daga juna ba. Abokaina na kusa ba su da abin da za su yi mini, domin wuraren da suka sani su ne na sani, mutanen da suke hulɗa da su kuma su ne nawa. Wannan ba sabon abu ba ne ga masana zamantakewa. Tun a shekarar 1973 Mark Granovetter ya wallafa maƙalarsa a kan amfanin alaƙa mai rauni, bayan ya tambayi ƙwararrun ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston a Amurka yadda suka sami aikinsu, ya tarar fiye da rabi ta hannun wani da suka sani ne, kuma mafi yawan waɗannan mutane ba aminai ba ne, jefi-jefi ake haɗuwa da su. A shekarar 2022 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a LinkedIn a kan mutane kimanin miliyan 20 cikin shekara biyar, ya nuna cewa alaƙar da ba ta yi ƙarfi sosai ba kuma ba ta yi rauni sosai ba ita ce ta fi kai mutum ga sabon aiki, musamman a sana'o'in da suka dogara da kwamfuta. Mutumin da na tsaya a kansa irin wannan ne: ya girme ni, ya taɓa jagorantar wani aiki da nake ciki, muna mutunta juna, amma tun da ya koma wani babban kamfani gaisuwa ma sai nadiran.

Na daɗe ina gyara saƙon da zan tura masa, domin ba na son in sa shi a tsaka mai wuya. Ga abin da na rubuta: "Assalamu alaikum, Injiniya, barka da warhaka. Da fatan kana lafiya, da iyali. Ni ne wanda muka yi aikin sauya ma'adanar bayanai tare a tsohon wurin aikinmu. Na ga wani gurbi a kamfaninku da nake ganin ya dace da abin da na iya, ga lambarsa ga kuma CV ɗina. Idan kana ganin za ka iya miƙa sunana zan yi godiya, idan kuma akwai abin da zai hana, babu komai, ranka ya daɗe, zan fahimta." Amsarsa ba ta jima ba: "Wa alaikumus salam, ƙanena, ai ban manta da kai ba. Kada ka cike komai a shafinmu tukuna, bari mu yi magana."

Da muka haɗu ta bidiyo sai ya bayyana mini dalilin wannan gargaɗi. A kamfaninsu, idan mutum ya riga ya nemi gurbi da kansa, manhajar takan rubuta shi a matsayin wanda ya shigo ta shafin jama'a, kuma miƙa sunansa daga baya ba lallai ne ya canja wannan ba. Sannan ya gaya mini abin da babu tallar aikin da za ta gaya mini. Gurbin da na zaɓa, in ji shi, ya lissafa buƙatu masu yawa, amma abin da sashen yake nema da gaske shi ne wanda ya ƙware a manhajar wayar hannu, wanda ba nan ƙarfina yake ba, alhali wani sashe na kusa da su yana neman wanda ya san ma'adanar bayanai, wato tsarin da manhaja ke ajiye bayananta a ciki, ciki da waje, kuma ba su daɗe da buɗe gurbin ba. Tun kafin ya rubuta kalma ɗaya a kaina, wannan bayanin ya riga ya sauya mini hanya, kuma ina ganin rabin amfanin sanin mutumin ciki a nan yake.

Daga nan ya nuna mini fom ɗin a allon kwamfutarsa, abin da ban taɓa gani ba. Saman fom ɗin suna ne da adireshin imel da wurin ɗora CV da lambar gurbi. Ƙasa da wannan akwai tambaya a kan yadda ka san mutumin, da zaɓi a jere: kun yi aiki tare kai tsaye, kun zauna a kamfani ɗaya amma ba ku haɗa aiki ba, kun yi makaranta tare, sanin zamantakewa ne kawai, ko kuwa ba ka san shi ba. Sai tambayar tsawon lokacin da kuka yi tare, da wata da ke neman ka auna shi da sauran mutanen da ka taɓa aiki da su a irin matakinsa, da wurin da za ka bayyana idan ɗan'uwanka ne ko akwai wata alaƙa ta kuɗi a tsakaninku. A ƙarshe akwai fili a buɗe da za ka rubuta dalilinka. A nan na gane abin da ya faru da miƙawar farko, domin mutumin kirkin nan babu abin da zai zaɓa da gaskiya sai layin ƙarshe, kuma babu abin da zai rubuta a filin sai abin da CV ɗina ya riga ya faɗa.

Injiniya bai rubuta cewa ni mai ƙwazo ne ko mai haƙuri ba, ya ce jami'an sun gaji da karanta irin waɗannan kalmomi. Sai ya ce in tuna masa daren da muka sauya ma'adanar bayanan. Na ba shi labarin yadda, ana cikin kwashe bayanan, na lura jimillar sabuwar ma'adanar ta saɓa da ta tsohuwar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yadda na bi sawu har na gano cewa ɗayar tana ajiye lokaci da agogon ƙasarmu ɗayar kuma da agogon bai-ɗaya na duniya (UTC), da yadda na dage a dakata a koma baya duk da kowa ya ƙosa a gama, sannan washegari na rubuta rahoton da wanda ba ya wurin ma zai karanta ya fahimta. Ya taƙaita wannan cikin jimloli huɗu ko biyar da kalmominsa. Daga nan ya ƙara wani layi da ya karanta mini a fili, cewa ban taɓa aiki a kan tsarin da ke ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin masu amfani ba, kuma zan buƙaci lokaci kafin in saba. Da ya ga na yi shiru sai ya ce, "Ƙanena, idan na ɓoye wannan za su gano a intabiyu, kuma daga ranar ba za su ƙara yarda da maganata a kan kowa ba." A lokacin na fahimci cewa ba alfarma kawai yake yi mini ba, mutuncinsa na wurin aiki ne ya jingina a kaina.

Cikin mako guda wata jami'ar ɗaukar ma'aikata ta rubuto mini da sunanta, ba saƙon na'ura ba, tana neman lokacin da za mu yi waya. A wayar ta fara da batun daren ma'adanar bayanan, wanda babu shi a CV ɗina, sai na tabbatar an karanta abin da Injiniya ya rubuta. Da hirar ta yi nisa na tambaye ta kai tsaye ko miƙawar ce ta sa ta kira ni. Ta amsa da cewa a wurinsu waɗanda ma'aikata suka gabatar suna fitowa ne a jeri na daban, kuma akwai wa'adin da aka ba ta na duba su ta mayar da amsa, domin ma'aikacin da aka yi watsi da mutuminsa ba zai sake kawo wani ba. Amma ta ƙara da cewa jerin nan ma yana da tsawo, kuma idan ta ga an zaɓi cewa ba a san mutum ba, tana duba takardarsa ne kamar ta kowa. Ta ce abin da ke tsayar da ita shi ne shaidar wanda ya ga aikin mutum da idonsa, ya kuma iya faɗin wani abu takamaimai a kansa.

Daga wannan wayar ƙarfin miƙawar ya fara janyewa. An tura mini jadawalin intabiyu iri ɗaya da na kowa. Na farko gwajin rubuta manhaja ne na minti arba'in da biyar, inda aka ba ni matsala na warware a allo injiniyan kamfanin yana kallo yana tambayar dalilin kowane mataki. Da na tsallake wannan sai aka haɗa mini zama da dama a yini ɗaya, wasu a kan warware matsala da lissafin saurin manhaja, ɗaya a kan yadda zan tsara babban tsari tun daga tushe, ɗaya kuma a kan yadda nake zama da abokan aiki idan an sami saɓani. Babu ko ɗaya daga cikin masu tambayar da ya ambaci sunan Injiniya, kuma daga baya na ji cewa ba a nuna musu abin da ya rubuta, don kada ya rinjayi hukuncinsu. Kowannensu yana rubuta rahotonsa shi kaɗai kafin ya ga na sauran. Raunin da Injiniya ya faɗa kuwa ya fito fili a zaman tsara babban tsari, inda na yi ta gumi a kan yadda za a raba bayanai a cibiyoyi da dama ba tare da sun saɓa wa juna ba, kuma babu wanda ya sassauta mini saboda wani ya san ni.

Manyan kamfanoni da gangan suka gina wannan katanga tsakanin mai gabatarwa da masu yanke hukunci. A Google an san cewa kwamiti ne yake duba rahotannin intabiyu ya yanke shawara, ba manajan da ke buƙatar ma'aikacin shi kaɗai ba, a Amazon kuma akwai wani mai tambaya da ake horarwa na musamman a ɗauko daga wani sashe daban, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar ba a sassauta ma'auni ba saboda gaggawar cike gurbi. A kamfanin da na nema, Injiniya ba shi da ikon zama cikin masu yi mini tambaya, ba shi da ikon karanta rahotanninsu, kuma abin da yake gani a shafinsa bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba: ana dubawa, ana intabiyu, an kammala. A makonnin jira na taɓa tambayarsa ko ya ji wani abu, sai ya ce, "Wallahi abin da ka sani shi na sani, kuma ko na tambaya ba za su gaya mini ba." Ban sake tambayarsa ba.

Da sakamako ya fito an amince da ni, amma a matakin da rahotannin intabiyu suka nuna, wanda yake ƙasa da wanda na yi fata, kuma albashin ya bi matakin. Shaidar Injiniya ta sake fitowa sau ɗaya kacal, a hirar da na yi da manajan sashen kafin a aiko mini da takardar ɗauka, inda ya ce ya karanta ta kuma irin wannan dagewar a kan daidaiton bayanai suke buƙata. Tukuicin Injiniya kuwa ba a biya shi ba sai da na yi wasu watanni a bakin aiki, kamar yadda dokar kamfanin ta tanada, kuma ban taɓa jin cewa kuɗin ne ya sa shi ya tsaya mini ba. Bock ya ba da labarin cewa Google ya taɓa ninka tukuicin daga dala 2,000 zuwa 4,000 amma yawan sunayen da ake miƙawa bai ƙaru ba, abin da ya yi tasiri shi ne saurin mayar wa ma'aikata da amsa a kan mutanensu, da kuma yi musu tambaya takamaimai, kamar wane ne ya fi ƙwarewa a wani fanni cikin duk waɗanda suka taɓa aiki da su.

Dalilin da ya sa kamfanoni suka riƙe wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2015 Stephen Burks da abokan bincikensa sun wallafa nazari a mujallar Quarterly Journal of Economics a kan kamfanoni tara a sana'o'i uku, wato cibiyoyin amsa kiran waya da tuƙin manyan motoci da fasahar zamani. Sun tarar cewa waɗanda aka gabatar sun fi samun tayin aiki, sun fi karɓarsa idan an yi musu, kuma sun fi daɗewa ba su ajiye ba, duk da cewa a yawancin ma'aunan ƙwazo ba su bambanta da sauran ba sosai. Na ga dalilin wannan a kaina, domin na shiga aikin ne ina sane da wahalarsa, Injiniya ya riga ya gaya mini yawan tarurruka da daren da za a iya tashin mutum idan tsari ya tsaya, don haka babu abin da ya zo mini ba zato.

Amma sakamakon nan yana da wata fuska da ba ta bar ni na saki jiki ba. Idan waɗanda aka gabatar ba su fi sauran iya aiki ba a yawancin ma'auni, to a cikin tarin takardun da ba a buɗe ba akwai mutane da yawa da suka kai ni ko suka fi ni, laifinsu kawai ba su da uwa a gindin murhu. Mutum yakan gabatar da wanda suka yi makaranta ɗaya ko suka zauna a kamfani ɗaya, saboda haka duk rukunin da ya riga ya yi yawa a ciki shi ne zai ci gaba da ƙaruwa, wanda ya yi karatu a inda babu wanda ya taɓa shiga irin wannan kamfani kuma sai ya daɗe a waje komai ƙwarewarsa. Maganar ta taɓa kaiwa ga shari'a. A shekarar 2016 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta yi ƙarar kamfanin Palantir tana zarginsa da nuna bambanci ga 'yan asalin Asiya masu neman aikin injiniya, kuma cikin abubuwan da ta ambata har da dogaronsa ga sunayen da ma'aikatansa suke miƙawa. A 2017 aka sasanta, kamfanin ya biya kimanin dala miliyan 1.7 ba tare da ya amsa laifi ba. Wasu kamfanonin sun yi ƙoƙarin gyara ta hanyar tukuicin kansa, kamar yadda Intel ya yi a 2015 da ya ninka shi har zuwa dala 4,000 ga wanda ya kawo mace ko tsohon soja ko ɗan wani rukuni da ba shi da yawa a kamfanin. Ina ganin wannan yana ragewa, amma ba ya kai wa ga wanda babu ma'aikaci ko ɗaya da ya taɓa jin sunansa.

Ba na cikin masu cewa a soke tsarin, domin shaidar wanda ya ga aikinka bayani ne na gaskiya da CV ba zai iya ɗauka ba, kuma zubar da shi asara ce ga kowa. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi ƙofa ɗaya tilo, a bar shafin jama'a ya zama wurin tara takardun da ba wanda zai duba. Tun da aka fara saka ni cikin masu yin intabiyu, nakan tambayi jami'ar sashenmu nawa ne cikin waɗanda aka kira suka shigo ta shafin jama'a, kuma idan na ga jerin ya cika da waɗanda aka gabatar, nakan nemi a ba ni wasu daga cikin sauran takardun in karanta da kaina.

Yanzu saƙonnin da na riƙa turawa ni ake turo wa, kuma mafi yawansu daga mutanen da ban sani ba ne. Ba na watsi da su, domin ban manta da zaman jira ba, amma kuma ba na zaɓar layin da ba gaskiya ba a fom. Nakan gaya wa mai roƙo tun farko cewa idan na miƙa shi a matsayin wanda ban sani ba, amfanin da zai samu kaɗan ne, sannan in tambaye shi ko cikin tsofaffin abokan aikinsa ko malamansa akwai wanda yake wani kamfani da yake so, domin sau da yawa akwai, kunyar tuntuɓa ce kawai take hana shi. Idan babu, nakan nemi ya turo mini wata manhaja da ya rubuta da hannunsa, in karanta, mu yi waya ya bayyana mini dalilin da ya sa ya tsara ta haka, in yi masa tambayoyin da na san za a yi masa. Idan abin da na gani ya gamsar da ni, sai in zaɓi cewa ba mu taɓa aiki tare ba, in rubuta a fili cewa na karanta aikinsa na tattauna da shi, in faɗi abin da ya burge ni da abin da ya rage masa. Idan kuma bai gamsar da ni ba, nakan gaya masa wuraren da zai gyara, tare da gargaɗin cewa kamfanoni da yawa suna sa wanda ya faɗi intabiyu ya jira wata shida zuwa shekara kafin ya sake nema, don haka gara ya ɗan dakata ya shirya sannan ya dawo mu sake dubawa.